Gardamar haraji a ƙasar Amurka

A shekara ta 1773, Amurka tana hannun Ingila. Ingila ta aza haraji bisa ganyen shayi. Mutanen garin Boston suka ce ba su yarda ba, tun da ba su da wakili ko ɗaya a majalisar Ingila. Ran 16 ga Disamba da dare suka hau jiragen ruwa, suka zubar da akwati 342 na shayi cikin teku.

A 2009 waɗansu ƴan ƙasar suka tuno da wannan labari, suka sa ma ƙungiyarsu suna Tea Party, watau taron shayi. Mi ya tada su? A 2008 manyan bankuna sun kusa karyewa, gwamnatin tarayya ta ware dala miliyar 700 don ta cece su. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi ba. A 2009 shugaba Obama ya sa hannu ga wata doka ta miliyar 787 don tada tattalin arziki. Ran 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta bayyana haraji, mutane suka fito cikin ɗaruruwan garuruwa. Suka ce gwamnati tana ɓarna da guminsu, tana kuma tara ma jikokinsu bashi.

Kukansu na bankuna yana da gaskiya: mai ƙaramin shago in ya karye, ba wanda ke ceto nai.

Sun kuma ce kusan rabin gidaje ba su biya harajin samu na tarayya ba a 2009. Haka ne. Amma abokan gardamarsu suka amsa: talaka yana biyan wanda ake cirewa ga albashi, da wanda jihohi ke aza ma kayan saye. Suka ƙara da cewa a 1980 harajin masu babban samu yana kai kashi 70 cikin 100, a 2009 kuwa 35 ne.

Wurin da magana ta yi wuya shi ne: ina za a rage? A 2010 kuɗin tsufa ya ci wajen kashi ɗaya cikin biyar na kasafin tarayya. Soja ma haka. Maganin tsofaffi da matalauta ma haka. Taimakon ƙasashen waje, wanda aka fi zargi, kashi 1 ne cikin 100. Da yawa cikin masu zanga-zangar dattawa ne, kuma ba su so a taɓa kuɗin tsufansu ba.

A zaɓen 2010 jam'iyyar Rifablikan, wadda suka goya ma baya, ta ƙaru da kujera 63 a majalisar wakilai. A 2011 aka yi dokar taƙaita kashe kuɗi, amma ba ta taɓa kuɗin tsufa ba.