Wane Icce Zan Ba Cincilata Ta Gwagwiya?

'Yar'uwa, kin yi daidai da kika tambaya kafin ki miƙa mata. Cincila dabbar tsaunukan Andes ce ta Kudancin Amurka, haƙoranta kuma ba sa daina tsiro, gwagwiyar icce tana taimakawa wajen rage tsawonsu.

Ki nemi reshen tuffa wanda ba a taɓa yi wa feshin magani ba. Ki goge shi da buroshi, ki tafasa, ki gasa a tanda har ya bushe ƙayau, ya karye ɓas a hannunki. Ɗanyen icce kan yi fumfuna.

Ki nisanta ta da iccen al'ul, ceri da lemo. Ragowar katakon kafinta kuwa, don Allah kar ki kuskura. Fenti, gam da maganin gara duk guba ne a cikinta.