Kamanci da Juya Waƙa: Nazarin Kwaikwayon Fitattun Mawaƙa a Karkarar Arewacin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi fasahar juya waƙoƙin fitattun mawaƙa domin raha, tun daga 'yan kama na kasuwannin ƙauye har zuwa finafinan Rabilu Musa Ɗan Ibro. An ɗora nazarin a kan karkarar arewacin Jihar Kano, inda cunkoson jama'a da ƙarancin gona suka sanya abinci ya zama ma'aunin wadata da daraja. Maƙalar ta nuna cewa mai juya waƙa yakan riƙe rauji da amshi da salon kirari, ya sauya turke kaɗai, kuma ta wannan sauyi yake tona cinikin da ke ƙarƙashin waƙar yabo. An kammala da cewa juyin waƙa nau'i ne na tarken adabi wanda masu sauraro ke yi da kansu, don haka ya cancanci a taskace shi tare da waƙar da aka juya.

1.0 Gabatarwa

Nazarin waƙar baka ta Hausa ya fi karkata ga manyan makaɗa. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanyar nazari a Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), Ibrahim Sheme da abokan aikinsa kuma suka fitar da Shata Ikon Allah a 2006. Sai dai akwai wani rukuni da ke tafe a bayan waɗannan mawaƙa tamkar inuwa, wato masu ɗaukar waƙar da ta yi tashe su juya ta domin a yi dariya. Aikin C. G. B. Gidley na 1967 a kan 'yankamanci da bayanin Graham Furniss na 1996 su ne suka fi fice cikin abin da aka rubuta game da su. Tambayar wannan maƙala ita ce: me mai juya waƙa yake faɗa game da waƙar asali, kuma me ya sa kusan kullum abinci ne makaminsa?

A nan, “juyin waƙa” na nufin rera sababbin kalmomi a kan raujin waƙar da jama'a suka sani, da nufin mai sauraro ya gane asalin ya kuma ji saɓanin. Wannan ya bambanta da aron rauji irin na masu bandiri a Kano, waɗanda Brian Larkin ya yi nazari. Su sukan ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya su ɗora begen Annabi (SAW) a kai, manufarsu ɗaukaka raujin zuwa matsayin ibada. Mai juyin raha kuwa sauko da waƙar yake yi zuwa bakin murhu.

2.0 Farfajiyar Nazari

Ƙananan hukumomin Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta suna cikin yankin da Michael Mortimore ya bayyana tun a shekarun 1960 da cewa yana daga cikin karkara mafi cunkoso a wannan sashe na Afirka. Ba a barin gona ta huta. Kowace damina ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, ana ciyar da ƙasa da takin dabbobi da na birni, ana kuma barin kuka da ɗorawa da gawo da tsamiya tsaye a tsakiyar gona. Gado yana ƙara rarraba gonaki, shi ya sa magidanci ba ya dogara da noma kaɗai: da an kai amfani rumbu sai sana'a da fatauci da cin rani.

Wannan yanayi ya samar wa mai barkwanci dandali. Kusancin ƙauyuka ya yawaita kasuwannin mako, kaka kuma lokaci ne na bukukuwan aure da dambe da kokawa, lokacin da hannun manomi ke da abin bayarwa. Haka nan ya samar masa da jigo. Al'ummar da ta ga yunwar 1914 da farin 1973, wadda kuma kowace shekara take lissafin ko hatsin rumbu zai kai ta sabuwar kaka, ba ta ɗaukar zancen tuwo a matsayin ƙaramin zance. Dariyar da ake yi wa ɗan kama idan ya wasa malmala tana da tushe a cikin fargabar da kowa ya sani.

3.0 'Yan Kama da Sharaɗin Sanin Asali

'Yan kama masu wasan barkwanci ne da ke bin kasuwanni da wuraren buki. An san su da kwaikwayon malamai: sukan yi shigar malanta, su ɗauki muryar mai jan baƙi da ta mai fassara, amma abin da ake “karantawa” bayanin abinci ne da falalar ci. Da irin wannan dabara suke tunkarar waƙoƙin makaɗa. Sun bambanta da 'yan gambara, waɗanda suka fi shahara da kalaman batsa da zambo. Kamanci yana tafiya ne a ƙarƙashin uzurin da al'ada ta tanadar wa raha, irin wanda ake gani a wasan taubasai da tashen watan azumi, inda ake faɗa wa babba abin da ba a iya faɗa masa a wani lokaci.

Juyin waƙa ba ya yin armashi sai mai sauraro ya riga ya haddace asalin. Waƙar fada da ake rerawa a gaban sarki da hakimansa ba kowane manomi ke jin ta ba. Da Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, daga baya kaset ya yaɗu, sai muryoyin Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos suka shiga kowace rumfar mai shayi da kowace inuwar masaƙa. Mawaƙi ya zama tauraro, waƙarsa ta zama dukiyar kowa. Daga nan aikin mai juyi ya sauƙaƙa, domin da ya ɗaga gindin waƙa jama'a sun san abin da ya kamata ya biyo baya, kuma a daidai wannan gurbi yake jefa musu ƙosai ko man shanu. Saboda haka juyi shaida ce ta shahara: waƙar da ba ta kai kunnen talaka ba, ba a juya ta.

4.0 Dabarun Juyi

4.1 Riƙe Rauji, Sauya Turke

Mai juyi ba ya taɓa rauji da tsawon saɗara da wurin faɗuwar amshi. Yakan nemi kalmar abinci mai yawan gaɓoɓi da karin sauti daidai da sunan da zai cire. Wannan aiki ne mai wuya a Hausa, domin tsawon wasali da hawa da saukar murya suna bambanta ma'ana, kalmar da ba ta zauna a kan kiɗa ba kuwa nan take kunne ke ƙin ta. Gwanintar ɗan kama ita ce ya sa sabuwar kalma ta zauna tamkar dama can gurbinta ne.

4.2 Kirari da Nasaba

Waƙar yabo tana ginuwa a kan tubalan asali da nasaba da kyauta da jaruntaka. Mai juyi yakan ɗauki tubalan nan ɗaya bayan ɗaya ya ɗora wa abinci. Tuwo sai ya sami iyaye da kakanni, daga dawa a gona zuwa turmi da tukunya. Miyar kuka ta zama uwargida, man shanu ya zama babban bafade, mai ci kuma ya zama barde da ba ya ja da baya a fagen akushi. Siffar yabo tana nan daram, wanda ake yabon ne kawai ya sauya.

4.3 Zambo da Habaici

Makaɗi yakan kambama ubangidansa ta hanyar muzanta abokin hamayyarsa. A cikin juyi, maƙiyin shi ne miya marar gishiri, ko ɗumamen da ya kwana biyu, ko maigidan da ke rufe ƙofa idan an sauke tukunya. A nan ne raha take fara cizo, domin marowacin da ake nufi yana iya kasancewa a cikin taron.

4.4 Murya da Jiki

Mai juyi yakan kwaikwayi yadda tauraro ke gyara murya, da yadda yake tsayawa ya tsawata wa makaɗa, da yadda yake kiran sunayen masu kyauta. Yakan ƙara gishiri a kan abin da mawaƙin ya saba yi har ya fito fili. Wannan zuzutawa nazarin salo ce a aikace: mai barkwanci ya gano abin da ya keɓanta mawaƙin da shi kafin manazarci ya ba shi suna.

5.0 Abin da Juyi ke Tonawa

M. G. Smith ya nuna tun a 1957 cewa roƙo musaya ce tsakanin mai yabo da wanda ake yabo: ɗaya ya ba da suna, ɗaya ya ba da dukiya. Waƙar yabo tana lulluɓe wannan musaya da adon harshe, ta kira riga da doki da mota alamun karamci. Ɗan kama yakan yaye lulluɓin. Idan ya rera wa tuwo abin da aka rera wa basarake ko attajiri, yana nuna cewa makaɗi da maroƙi da shi kansa duk abu ɗaya ya fito da su, wato abin da za a sa a baki. Bai ware kansa ba, domin shi ma a ƙarshen wasa hannu yake miƙawa. Wannan shigar da kai cikin zargi ita ce kariyarsa.

Dabarar ba ta tsaya ga Hausawa ba. A Amurka, “Weird Al” Yankovic ya juya waƙar Michael Jackson mai suna Beat It zuwa Eat It a 1984, inda gargaɗi game da faɗan 'yan daba ya koma faɗan iyaye ga yaron da ya ƙi cin abinci. Abin da ya haɗa shi da ɗan kama shi ne sauko da mai girma zuwa matsayin ciki. Abin da ya raba su kuwa shi ne nauyin abincin: a can ana dariyar yalwa ne, a karkarar Kano kuwa ana dariyar abin da ake tsoron rasawa.

6.0 Daga Kasuwa zuwa Faifan Bidiyo

Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, fasahar ta sami sabon gida a finafinan Hausa. Rabilu Musa Ɗan Ibro (1971–2014), ɗan asalin Ɗanlasan a ƙaramar hukumar Warawa, ya fito ne daga irin wannan karkara mai cunkoso da ke kewaye da birnin Kano. Ya gina shahararsa a kan siffar baƙauye da ya shigo birni yana kwaikwayon abin da bai gane ba. A Ibro Awilo ya ɗauki shiga da rawar mawaƙin Kwango Awilo Longomba, a Ibro Ɗan Indiya kuma ya juya salon finafinan Indiya. A nan wata dabara ta ƙaru, wato tauna baƙon harshe har sautinsa ya yi kama da kalmomin Hausa. Dariyar tana da baki biyu: ana yi wa baƙauyen, ana kuma yi wa 'yan birnin da ke rawa da waƙar da ba su san ma'anarta ba.

Sauya dandali ya zo da tsada. Uzurin da ɗan kama ke da shi na wuri ne da lokaci, wasa yana watsewa maganar ta bi iska. Faifai kuwa yana dawwama, ana iya gabatar da shi a gaban alƙali. A 2008, kotun tafi-da-gidanka mai aiki da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu dangane da fim ɗin Ibro Aloko. Tuhumar ta shafi rajista da tace fim, amma masu sharhi da dama sun danganta hukuncin da waƙar Mamar, wadda aka ɗauka habaici ce ga gwamnatin lokacin. A Nuwamba 2022 kuma wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala ashirin-ashirin da tara saboda wani bidiyon barkwanci na TikTok da ya taɓa gwamna.

Ta fuskar haƙƙin mallaka, doka ta ba mai juyi sarari. Kotun Ƙolin Amurka ta amince a 1994, a shari'ar juyin wata waƙar Roy Orbison, cewa kwaikwayon raha na iya zama halattaccen amfani ko da an sayar da shi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ita ma ta sanya shi cikin abubuwan da aka yi wa rangwame. Ke nan barazanar da ke kan mai juyi a Kano ba daga mawaƙin da aka kwaikwaya ta fi fitowa ba, daga mai mulkin da ya ji an taɓa shi ne.

7.0 Kammalawa

An ga cewa juyin waƙa yana buƙatar sanin rauji da karin sauti da tubalan yabo daidai da yadda makaɗin asali ya san su, kuma zaɓen abinci a matsayin turke yana da alaƙa da rayuwar manomin da gonarsa ke raguwa. Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama Shata da digirin girmamawa a 1988, an kuma taskace ɗaruruwan waƙoƙinsa. Masu juya waƙoƙin nasa a kasuwannin Bichi da Ɗambatta ba su sami irin wannan gata ba, alhali a bakinsu ake jin yadda talaka ya karɓi waƙar da abin da ya gani a bayanta. Ya kamata sassan nazarin Hausa su naɗi wasannin dattawan 'yan kama da suka rage, su adana juye-juyen da matasa ke yi wa mawaƙan zamani a waya da intanet, su kuma riƙa ajiye kowane juyi kusa da asalinsa. Da haka ne tarihin waƙar Hausa zai ƙunshi muryar mai rerawa da ta mai sauraro.