LAYI BIYAR KOWACE RANA

Ya ku 'yan'uwa masu koyon aikin malanta, ina so mu ɗan yi magana a kan wani abu ƙarami wanda ba a yin jarrabawarsa, amma ni a ganina ya fi waɗansu darussa da yawa amfani ga wanda zai tsaya gaban yara. Abin kuwa shi ne mutum ya saba da rubuta 'yan layuka kowace rana.

Ga abin da ya jawo maganar. Kwanan baya na tambayi wani aji, na ce, "Wa zai gaya mini ranar da ruwan Binuwai ya shiga unguwarsu a ambaliyar 2022?" Da yawa daga cikinsu abin ya shafe su, ko ya shafi danginsu. Wani ya ce cikin Agusta ne, wani ya ce a'a, Satumba, wani kuma ya rantse sai da Oktoba ta kama. Kowa ya tuna an ce an saki ruwa daga madatsar Lagado ta ƙasar Kamaru, kowa ya tuna tsoron da aka sha. Amma ba wanda ya iya faɗin rana, ko kwana nawa ruwan ya yi kafin ya janye, ko nawa mudun masara ya kai bayansa. Har waɗansu suka gauraya labarin da na ambaliyar 2012, wanda suka ji a bakin iyayensu. To, abin da aka yi jiya-jiya ke nan, a ƙofar gidanmu. Ina ga abin da ya shekara hamsin?

Bari in ba ku labarin mutum biyu waɗanda suka riƙe littafi a wannan ƙasa tamu ta Adamawa. Halinsu ba ɗaya ba ne ko kusa, amma dukansu akwai abin koyo gare su.

Na farko wani Bajamushe ne, Heinrich Barth, wanda a ke kira Abdulkarim. Ya taso daga Kukawa ta Barno, ya iso gaɓar Binuwai ran 18 ga Yuni, 1851, daidai inda kogin Faro ya ke zuba a cikinsa. Bayan kwana biyu ya shiga Yola, a zamanin Lamiɗo Lawal ɗan Modibbo Adama, shekara goma kacal da kafa garin. Bai sami karɓa ba, domin ya zo ne tare da manzannin Shehun Barno, kuma a lokacin akwai jayayya tsakanin ƙasashen biyu a kan iyaka. 'Yan kwanaki ya yi aka ce ya koma inda ya fito, ga shi kuma zazzaɓi ya kama shi. In da waninsa ne, da sai ya ce tafiya ta lalace, ba abin rubutawa. Shi kuwa ya rubuta. Ya ƙiyasta faɗin kogin a inda ya ƙetare, ya ce wajen yadi 800 ne. Ya ƙiyasta mutanen Yola, ya ce sun kai 12,000. Ya bayyana yadda garin ya ke a shimfiɗe, gidaje da manyan filaye, har da gonaki a tsakaninsu. Haka ya riƙa yi tun daga 1850 har 1855, a kan hanya, cikin lafiya da rashinta. Da ya koma gida waɗannan ƙananan littattafai na aljihu suka zama manyan littattafai guda biyar, aka buga su a 1857 da 1858. Yau duk mai son ya san kamannin Yola a farkon kafuwarta, tilas ya bi ta kan abin da baƙon nan na 'yan kwanaki ya rubuta. Ba wai ya fi mutanen garin sanin garinsu ba ne, ko kaɗan. A cikin Yola a lokacin akwai malamai masu zurfin ilmi. Abin da ya yi shi ne ya kula da ƙananan abubuwa waɗanda 'yan gari su ke gani kullum har sun daina ganinsu, ya sa musu kwanan wata.

Na biyu ɗan ƙasa ne, Hamman Yaji, hakimin Madagali. Daga 1912 zuwa 1927 ya riƙe littafi da Larabci, a na sa rana, a na sa abin da ya faru, sau da yawa layi ɗaya ko biyu. Akwai zancen dawaki a ciki, da na kyauta, da na ciniki, da zuwan Jamusawa da Faransawa da Ingilishi. Akwai kuma hare-haren da ya riƙa aikawa kan mutanen duwatsu, irin su Sukur, da lissafin mutanen da aka kamo bayi da shanun da aka koro, duk a jere kamar lissafin ɗan kasuwa. A 1927 Turawa suka kama shi suka tuɓe shi, littafin ya shiga hannunsu, aka fassara shi da Ingilishi. Ya rasu a 1929, aka buga fassarar a Amurka a 1995. Na san a cikinku akwai jikokin waɗanda aka kai wa hare-haren nan, kuma ban kawo sunansa don yabo ba. Na kawo shi don ku ga ƙarfin rubutun da aka yi a ranar da abu ya faru. Shekara da shekaru tsofaffin ƙauyukan nan su na ba da labarin abin da aka yi musu, mai son musu ya na iya cewa ƙari ne irin na tsofaffi. To, ga shi daga gidan mai aikatawa, da rana da wata da adadi. Mai littafin bai yi nufin ya zama shaida a kan kansa ba, amma haka ya zama.

Yanzu sai wani ya ce, "Malam, ni ba matafiyi ba ne, ba kuwa hakimi ba. Daga ɗakin kwana sai aji, daga aji sai ɗakin cin abinci. Me zan rubuta?" Wannan ita ce tambayar da na fi ji, kuma amsarta ita ce amfanin farko na wannan al'ada. Wanda ya san da dare zai rubuta wani abu, da rana sai idonsa ya buɗe. In ya shiga kasuwar Jimeta zai kula nawa a ke sayar da kifi yau, nawa aka sayar makon jiya. In ya hau gada zai duba ko yashi ya fara fitowa a tsakiyar kogi. In ya bi ta Geriyo zai ga ko an fara dashen shinkafar rani. Zai lura da ranar da hazo ya fara sauka, da ranar da aka yi ruwan farko. Kakanninmu sun ga jiragen ruwa su na zuwa Jimeta da damina, sa'ad da kogi ya cika, su ɗauki gyaɗa da fatu da auduga su tafi. A lokacin abin yau da kullum ne, ba wanda ya ɗauke shi labari. Yau kuwa da za mu sami littafin wani lebura ko akawu na bakin kogi wanda ya rubuta ranakun zuwansu da kayan da suka ɗauka, da mun riƙe shi da hannu biyu.

Amfani na biyu ya shafi harshe, kuma a nan zan daɗe kaɗan, gama ciwonmu ne. Yawancinmu a wannan kwaleji ba da Hausa muka fara magana ba. Wani Fillanci ya tsotsa, wani Bacama, wani Margi ko Kilba ko Camba ko Lunguda. Hausar da muka tashi da ita ta kasuwa ce da ta tasha, ta na biyan bukata, ba abin kunya ba ce. Amma a cikinta a kan ce "yarinya ya zo", kuma ba a damu da bambancin baki da baƙi ba, ko kasa da ƙasa, ko bata da ɓata. A magana mai sauraro ya kan gane nufinka ya wuce. A kan allo kuwa yara arba'in ko fiye za su kwafe kuskurenka su tafi da shi gida, su ce ai Malam ne ya rubuta. Ba a gyara wannan da haddace ƙa'ida daren jarrabawa. Hannu ne ya ke sabawa. In ka rubuta "ƙasa" da lanƙwasarta sau ɗari, a na ɗari da ɗaya alƙalami zai lanƙwasa da kansa. Wanda kuma ya ke so ya riƙa rubuta littafinsa da harshen gidansu, madalla, ya yi. Mai Fillanci ma ya riga ya san ɓ da ɗ tun daga gida. Ni dai shawarata ita ce, harshen da za ka koyar da shi ya sami rabonsa, ko da kwana uku a mako.

Haɗe da wannan akwai zancen insha'i. Ba da daɗewa ba za ku shiga aji ku ce wa yara, "Ku rubuta shafi ɗaya a kan ranar kasuwa." In kai kanka rabonka da rubuta shafi ɗaya na ra'in kanka tun ka na sakandare, da me za ka taimaki yaron da ya zauna ya na tauna biro? Ba ka san inda a ke maƙalewa ba, balle ka nuna masa mafita. Ku tuna Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma malami ne a Bauci sa'ad da ya rubuta Shaihu Umar. Daga cikin masu riƙon alli aka sami masu riƙon alƙalami.

Na uku, ranar da kuka fita koyarwar gwaji za ku ga amfanin littafin a fili. Shirin darasi ya na faɗin abin da ka yi niyya ne, ba ya faɗin abin da ya auku. Da na ke sabon malami, akwai wani yaro da na riƙa yi wa faɗa saboda barci a aji. Sai da na waiwayi abin da na rubuta na wata biyu, sa'an nan na ga ashe ba kullum ya ke barcin ba, ranaku biyu ne a mako, kuma ba sa canjawa. Da na bincika, ashe ranakun ne ya ke tashi tun kafin asuba ya taya ubansa ban ruwa a lambu. Da ƙwaƙwalwa kaɗai na dogara, da har yau ina kiransa malalaci. Kuma in Allah ya sa wani ya zama hedimasta, zai tarad da littafin tarihin makaranta a kan teburinsa, wanda a ke sa ran ya riƙa shigar da zuwan baƙi da canjin malamai da duk wani abin da ya faru. Na sha ganin irinsa an bar shi fari fat wata da watanni, sai an ji masu duba makarantu na tafe a zauna a cika shi dare ɗaya da abin da aka iya tunawa.

To, yaya a ke farawa? Nemi littafin rubutu guda, mai araha. Kada ka sayi mai tsada, don za ka ji tausayin ɓata shi. Keɓe shi, kada lissafin bashi ko darasin aji ya shiga ciki. Kowace rana fara da kwanan wata, cikakke, har da shekara, domin wannan ne rabin aikin. Sa'an nan layi biyar. In abin faɗi ya yi yawa ka ƙara, amma kada ka ɗora wa kanka fiye da biyar. Masu cewa za su cika shafi uku kullum, kafin mako ya zagayo sun gaji. Kada ku rena layi biyar. In kowane layi ya ɗauki kalma goma, kalma 50 ke nan a rana, 18,250 a shekara, fiye da 54,000 cikin shekara uku na zamanku a nan. Hausawa sun ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Zaɓi lokaci guda ka ɗaure shi da wani abin da ba ka fashinsa, ko bayan sallar asuba, ko bayan addu'ar safe, ko da an gama cin tuwon dare. Ni safiya na fi so, musamman cikin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Yola ya kan wuce awo 40, mutum ba ya iya tunanin kome da rana, da dare kuma ba lalle a sami wuta ba. Sai in rubuta abin jiya tun bai huce ba. Rubuta abin da ka gani da abin da ka ji da kunnenka, ka bambanta su da abin da aka ce an ce. "Yau an yi zafi" ba labari ba ne. "Yau ruwan randa ya yi ɗumi tun kafin azahar, yara uku suka nemi izinin fita" labari ne. Kada ka tsaya gyara a ranar, kada kuma ka yage shafi. Ran Asabar ka koma ka karanta na mako duka da jan biro a hannu, a nan ne za ka kama "ya" inda ya kamata a ce "ta".

Za ka yi fashi, ba shakka. In ka yi, kada ka zauna ka cika ranakun da suka wuce kamar a ranarsu ka rubuta, wannan ƙarya ce, kuma ita ce ke kashe darajar littafin. Bar gurbin yadda ya ke, ka ci gaba daga yau.

Waɗansu za su ce ai kullum su na rubutu a wayar hannu. Gaskiya ne, amma saƙon waya guntu ne, na amsa wa wani, rabinsa Hausa rabinsa Turanci, ba wasali ba aya. Wanda ya iya buɗe wuri guda a wayarsa ya riƙa jera cikakkun jimloli da kwanan wata, ban hana shi ba. Sai dai ya tuna waya ta kan ɓace, ta kan faɗa ruwa, a kan kuma sayar da ita ran da kuɗin makaranta ya gagara.

Abu guda na gargaɗi, wanda labarin hakimin Madagali ya isa ya koya mana: littafi ya kan faɗa hannun da ba a yi tsammani ba. Kada ka zuba asirin abokinka a ciki. In za ka rubuta wani abu game da ɗalibinka, sa harafin farko na sunansa kawai, gama amana ce iyayensa suka ba ka.

Wanda ya ke so ya gwada, ya fara ran Litinin mai zuwa. Bayan mako huɗu ya kawo mini littafin a ofis. Ba zan karanta abin da ke ciki ba sai in shi ya ce in karanta. Kwanakin wata kaɗai zan ƙirga.