Lissafin Kwanaki Kafin Neman Zama Ɗan Ƙasar Birtaniya

Dokar zama ɗan ƙasa ta Birtaniya ta 1981 ta ba baƙon da ya cika shekara 18 damar neman a mayar da shi ɗan ƙasa, matuƙar ya zauna a ƙasar shekara 5 bisa ƙa'ida, kuma ya riƙe izinin zama na dindindin, wato izinin da ba shi da wa'adin ƙarewa, na tsawon wata 12. Wanda ke auren ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa shekara 3 ake nema daga gare shi, kuma ba sai ya jira waɗancan watannin ba.

Abin da ya fi tsorata masu nema shi ne jarrabawar Life in the UK, wadda aka fara a 2005 domin auna sanin mutum game da tarihin ƙasar da tsarin mulkinta da al'adunta. Tambayoyi 24 ne na zaɓin amsa a kwamfuta cikin minti 45, ana buƙatar a ci 18, kuɗinta fam 50, kuma wanda ya faɗi yana iya sake zama. Duk tambayoyin daga littafin hukuma guda ɗaya ake ciro su, don haka mai naci a karatu ba ya cika faɗuwa. Ana kuma neman shaidar iya Turanci a matakin B1, kuma ɗan Nijeriya bai tsira daga wannan ba duk da Turanci ne harshen gwamnati a ƙasarsa, sai dai in yana da digirin da aka koyar da Turanci aka kuma tantance shi. An ɗauke wa wanda ya kai shekara 65 duka biyun.

Sai dai masu ba da shawara kan shige da fice sun san cewa a lissafin kwanaki aka fi yin tuntuɓe. Ba a so mutum ya wuce kwana 450 a wajen ƙasar cikin shekarun 5, ko kwana 90 a shekarar ƙarshe, alhali zuwa gida ta'aziyya da hutun Sallah da aikin Hajji kan cinye kwanakin ba tare da an ankara ba. Akwai kuma sharaɗin da jama'a suka fi mantawa, cewa dole mai nema ya kasance a cikin Birtaniya a ranar da ta yi daidai da shekara 5 kafin ranar da Ma'aikatar Cikin Gida ta karɓi takardarsa. Wanda ranar ta same shi a Kano ana biki, gara ya jinkirta turawa. Shi ya sa aikin farko a teburin mai ba da shawara shi ne baje tsohon fasfo da sabo, a bi hatimi ɗaya bayan ɗaya, a gwada da tikitin jirgi, domin ƙwaƙwalwa ba abar dogaro ba ce a nan.

Sharaɗin kyawun hali ma ya fi faɗi fiye da yadda ake zato, domin ya haɗa da biyan haraji da laifin tuƙi da ya kai kotu, kuma ɓoye ƙaramin laifi kan yi ɓarnar da laifin kansa bai yi ba, tunda ana ɗaukarsa yaudara. Kuɗin nema ya haura fam 1,500, kuma in aka ƙi amincewa kuɗin bikin rantsuwar zama ɗan ƙasa kaɗai ake mayarwa.