Ƙara Ƙarfin Wasa Ba Tare da Jin Rauni Ba

Da zarar an kawar da amfanin gona a ƙasar Gwarzo da Kabo, sai samari su koma dandali. Daga Getso har Garo, dambe da kokawa da langa da ƙwallon ƙafa su kan tashi gaba ɗaya. Wannan abu ne mai kyau, amma lokacin ne ya fi kamata a yi hattara.

Saurayin da ya sha noma duk damina ya kan ɗauka jikinsa a shirye ya ke. Lalle noma ya ƙarfafa masa baya da damatsa, amma bai saba wa ƙafa da tsalle da dira ba. Ga shi kuma ƙasar dandali ta bushe, ta yi tauri da shigowar hunturu.

Abin lura shi ne, sassan jiki ba su ƙarfafa tare. Numfashi da tsoka su kan saba da wahala cikin 'yan makonni, amma ƙashi da agara sai sun yi watanni. Saboda haka mutum ya kan ji yana da sauran ƙarfi, alhali ƙwaurinsa ya soma gazawa. Dira a kai a kai ta kan jawo 'yar tsaga a ƙashin ƙwauri ko na tafin ƙafa, wadda jinyarta kan ci mako 6 zuwa 8, wani lokaci fiye. Mai langa ya fi kowa shiga wannan hatsari, don kuwa ƙafa guda ce ke ɗauke da nauyinsa duka.

Maganin abin shi ne ƙari kaɗan kaɗan. Malaman wasanni su kan ba da shawara kada ƙarin mako ya wuce kashi 1 cikin 10 na aikin makon jiya, watau mai gudun minti 30 ya tsaya a minti 33. Kada a ƙara tsawon lokaci da sauri a mako ɗaya. A fara da sassarfa ta minti 10 har gumi ya tsattsafo, a kuma sa ranar hutu tsakanin ranakun wasa mai tsanani.

Ciwon gajiya ya kan watsu cikin tsoka, ya wuce bayan kwana 2 ko 3. Wanda ya tsaya wuri guda a kan ƙashi, yana ƙaruwa in an danna, wannan ba na daurewa ba ne, ko da abokai za su yi dariya. A dakatar da wasa, a je asibiti. Ɗan damben da ya sha naushi a ka, sa'an nan ya yi amai, ko jiri, ko ruɗewa, kada a bar shi ya sake shiga fage. A kai shi Babban Asibitin Gwarzo a ranar.