Sabon Ɗalibin Likitanci da Matsalar Harshe: Misali daga Fagge da Sabon Gari

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai duba yadda sabon ɗalibin likitanci kan saba da rayuwar jami'a, tare da mayar da hankali kan rawar da harshe ke takawa. An ɗauki misali daga unguwannin Fagge da Sabon Gari na Kano. A ƙarshen darasin ana sa ran ɗalibi ya iya bayyana dalilin da ya sa nazarin Hausa ya shafi lafiyar al'umma.

1.1 Matashiya

Fagge tsohon zango ne a wajen ganuwar Kano, inda ayarin fatake, musamman Buzaye, kan sauka. Sabon Gari kuwa Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe shi domin baƙi, galibinsu daga kudancin Nijeriya. Saboda haka yaron Fagge kan tashi da Hausa a baki, shi kuwa na Sabon Gari yakan tashi da Ibo ko Yarbanci ko Buroka, sai Hausar kasuwa. Dukkansu suna iya haɗuwa a aji guda a Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, daga baya su wuce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988.

1.2 Matakan Karatu

Karatun likitanci shekara 6 ne. A shekarar farko ana maimaita kimiyyar da aka taɓa a sakandare, amma da zurfi. Daga nan sai ilimin ƙirar jiki da na aikin gaɓoɓi da na sinadaran jiki. Shekarun ƙarshe a asibiti ake yin su, a gaban majiyyata.

Abin da kan fara girgiza sabon ɗalibi shi ne 'yanci. Babu mai kaɗa ƙararrawa, babu mai duba littafinsa. Wanda ke jeka-ka-dawo daga Fagge dole ya yi sammakon neman adaidaita sahu, ga kuma aiken gida da zaman shago a Kantin Kwari suna jiransa. Na biyu shi ne ɗakin feɗe gawa. Bahaushe ya tashi ya ga ana gaggauta suturta mamaci, yanzu ga shi an miƙa masa wuƙa. Yawanci sai a hankali zuciya kan daure, idan ɗalibi ya fahimci cewa ceton rayayye ne manufar.

1.3 Harshen Aji da Harshen Majiyyaci

Matsalar da ta fi daɗewa ita ce ta harshe. Da Ingilishi ake koyarwa, kuma mafi yawan keɓaɓɓun kalmomin daga Latinanci da Girkanci suka samo asali. Wanda ya tsaya ga hadda kawai yakan gaji. Wanda ya koyi rarraba kalma zuwa saiwa da ɗafi, kamar yadda ake yi a ilimin ginin kalma, yakan gane ma'anar kalmomi da dama daga saiwa guda.

Sai dai majiyyacin Kano da Hausa yake kawo kukansa, kuma Hausar tana da tarko:

(a) Shawara: tana nufin neman ra'ayi, tana kuma nufin ciwon da ke sa ido ya yi ɗorawa.

(b) Tashin zuciya: jin amai ne, ba ciwon zuciya ba.

(c) Sanyi: yana iya zama na yanayi, ko kuma cutar da ta shafi al'aura.

(d) Baƙon wata da juna biyu: sakaya zance ne ga haila da ciki, saboda kunya.

Ɗan Sabon Gari mai Hausar ciniki yana iya ɗaukar waɗannan bisa ma'anarsu ta zahiri. Ɗan Fagge kuwa yana jin su, amma sau da yawa yakan kasa mayar da bayanin littafi zuwa Hausar da tsohuwa za ta fahimta. Kuskure a nan ba faɗuwa jarrabawa kaɗai yake jawowa ba, yana iya sa a ba da maganin da bai dace ba.

1.4 Mafita

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata ɗaliban biyu su haɗa rukunin nazari tun shekarar farko, kowa ya cike giɓin ɗan'uwansa. Haka kuma yana da kyau kowane ɗalibi ya tanadi ɗan littafi, ya riƙa rubuta sunayen cututtuka da Hausa kamar yadda ya ji su a bakin jama'a, irin su farfaɗiya da basir da tarin fuka da hawan jini.

1.5 Kammalawa

An ga cewa sabawa da jami'a ta ƙunshi tsara lokaci da dauriya da kuma mallakar harsuna biyu. Wannan nauyi ya hau kan malamin Hausa ma, domin a ajinsa likitan gobe ke fara sanin darajar kalma.

Auna Fahimta

1. Kawo bambancin asalin Fagge da Sabon Gari.
2. Tattaro kalmomi 10 na cututtuka masu harshen damo, ka bayyana ma'anoninsu.