Ga mai shirin zuwa Dubai karon farko

Ɗan'uwa, kafin ka baro Karakkai ko Gusau, duba fasfonka ya rage aƙalla wata 6, kuma bizarka ta fito. Ka zaɓi tafiya tsakanin Nuwamba da Maris, domin zafin Yuli yakan haura digiri 40. Kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da na ɗan garinku ne. Magani irin Tramadol ba tare da takardar likita ba yana iya kai mutum gidan yari. In sari ya kai ka, sauka a Deira, kusa da kasuwar Naif, ka yi ciniki da dirhami. Sayi katin Nol don shiga jirgin ƙasa, kuma ba a ci ko sha a cikinsa. Kada ka ɗauki hoton kowa sai da izininsa.